Muhawara: Shin Jikinmu Ne Ya Ƙirƙiro Sikila Don Ya Kare Kansa Daga Zazzaɓin Cizon Sauro?

Auwal: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Jiya a darasin bayoloji malaminmu ya kawo misalin amosanin jini lokacin da yake bayanin juyin halitta, kuma tun daga makaranta har na iso gida Unguwar Rogo maganar nake ta juyawa a raina. Abin da na fahimta shi ne, da zazzaɓin cizon sauro ya addabi kakanninmu, sai jikinsu ya ƙirƙiro wannan nau'in jini na S domin ya kare kansa, shi ya sa mai AS, wato wanda ya gaji S daga ɗaya cikin iyayensa da A na lafiya daga ɗayan, ba ya kamuwa da maleriya. Ni kaina AS ne, rabona da kwanciya saboda zazzaɓi an fi shekara huɗu, alhali ƙanena mai AA kusan kowace damina sai an kai shi asibiti. Na faɗa wa abokan karatuna haka, wasu suka yarda, wasu suka musa, don haka na kawo maganar gabanku domin a raba mana gardama.

Bitrus: Auwal ƙanena, ni aikina gwajin jini ne, kuma abin da idona ya gani ba zai bar ni in yarda cewa mai AS ba ya kamuwa da maleriya ba. Idan aka shafa ɗigon jini a kan gilashi, aka rina shi, aka ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga ƙwayar cutar Plasmodium falciparum a cikin jajayen ƙwayoyin jini kamar ɗan ƙaramin zobe mai ɗigo a gefe. Na sha ganin wannan zoben a jinin mutanen da katinsu ya nuna AS. A daminar bara ma an kawo wani matashi daga wajen Bukuru yana rawar ɗari, kuma da aka tambaye shi gidan sauro sai ya ce ai shi AS ne, sauro ba ya yi masa komai. Abin da AS ke ragewa ƙwarai shi ne tsanantar cutar, wato ta kai ga jijjiga da fita hayyaci, ko ta shanye jinin yaro har sai an yi masa ƙari. A binciken da aka yi a kan yara a Gambiya da Kenya, an samu cewa wannan kariya daga mummunan zazzaɓi ta kai kusan kashi 90 cikin 100, amma kariya daga zazzaɓin yau da kullum ba ta kai ko kusa da haka ba.

Sadiya: Ni kuma ɗaya rabin maganar ne ya tsaya mini, wato cewa jiki ne ya ƙirƙiro S domin kare kansa. Aji ɗaya muke da kai, Auwal, kuma ban ji malam ya faɗi haka ba. Himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, kamar carbi yake, ƙwaya bayan ƙwaya. A silin da ake kira beta, ƙwaya ta shida ce kaɗai ta sauya, sinadarin gulutamik ya koma balin, kuma musabbabin hakan harafi ɗaya ne tak da ya canza a ƙwayar gadon da ke kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Masanin kimiyya Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci a tsakanin 1956 da 1957. Irin wannan sauyi tuntuɓe ne da ake samu wajen kwafar ƙwayoyin gado, kuma yana aukuwa ko da sauro ko babu. Jiki ba shi da hanyar da zai san cewa akwai maleriya a gari, balle ya koma ya gyara harafi ɗaya daga cikin biliyan uku.

Auwal: Na karɓi gyaran Yaya Bitrus. Amma Sadiya, in dai tuntuɓe ne kawai, me ya sa bai yawaita a Ingila ko Jamus ba, sai a inda sauro ya yi katutu? Malam ya nuna mana taswira biyu, ta maleriya da ta sikila, kuma kusan ɗaya ta hau kan ɗaya. Ba na jin dace kaɗai zai iya jera abu biyu su zo daidai haka.

Malam Nasiru: Tambayarka tana da ƙarfi, Auwal, kuma irinta ce masanin kimiyya Anthony Allison ya bi har ya wallafa bincikensa a 1954, bayan ya lura cewa a Gabashin Afirka masu ɗauke da S sun fi yawa a bakin teku da gefen tafkin Biktoriya, inda zazzaɓi ya yi yawa, sun kuma yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. Gaskiya ne taswirorin sun dace, amma abin da ya daidaita su ba niyyar jiki ba ce. Ka dubi mai tankaɗe: rariya ba ta ƙirƙiro gari ba, ba ta ƙirƙiro tsaki ba, da ma dukansu suna cikin ƙwaryar, ita dai ta bar wani ya wuce ta tsare wani. Sauyin S zai iya faɗa wa mutum a kowace ƙasa. Idan ya auku a inda babu maleriya, mai ɗauke da shi bai fi maƙwabcinsa da komai ba, sai ya zauna a mutane ƙalilan ko ya ɓace. Idan kuwa ya auku a ƙauyen da zazzaɓi ke ɗauke yara kafin su kai shekara biyar, to 'ya'yan da suka gaji S guda ɗaya za su fi 'yan'uwansu masu AA tsira, su girma, su yi aure, su haifi nasu, kuma rabin 'ya'yansu za su gaje shi. Ka maimaita wannan tsara bayan tsara, za ka iske abin da ya fara a jikin mutum ɗaya ya bazu a cikin al'umma.

Shi ya sa ba launin fata yake bi ba. Akwai shi a tsakiyar Indiya, da gabashin Saudiyya, da wasu sassan Girka da tsibirin Sisili, duk wuraren da suka sha fama da maleriya. A nan Afirka ta Yamma ma akwai wani sauyin daban a daidai wannan ƙwaya ta shida, wanda ake kira C, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, shi ma yana ba da kariya. Da jiki ne ke tsara maganinsa da gangan, ai da ba zai zaɓi wanda ke kwantar da 'ya'yansa ba. Kuma akwai hannun muhalli a ciki: wani masani mai suna Frank Livingstone ya kawo hujja a 1958 cewa sare daji domin noma ne ya samar da 'yan kududdufan da rana ke bugawa, waɗanda sauron Anopheles gambiae ya fi son yin ƙwai a cikinsu, ga kuma mutane sun taru wuri ɗaya, sai cutar ta samu gindin zama.

Hajiya Rakiya: Malam, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban musa iliminku ba, amma kalmar kariya da kuke ta maimaitawa tana sosa mini rai. 'Yata ta fari SS ce, wato ta gaji S daga ni da mahaifinta duka. Tana da wata bakwai hannuwanta da ƙafafuwanta suka kumbura, ko zanen goyo ya taɓa su sai ta tsandara kuka, muka yi ta zaton ko wani abu ne ya cije ta. Yanzu shekararta goma sha huɗu, kuma duk lokacin da hunturun Jos ya shigo ba na barci sosai, domin na san sanyin asuba kaɗai ya isa ya tayar mata da ciwon ƙashi. Sai in dafa ruwa, in gasa mata gwiwoyi, in yi ta ba ta ruwan sha, in duba farin idonta ko ya koma ruwan ɗorawa. Zazzaɓin da kuke cewa S na karewa, ita shi ne babban abin tsoronmu, kullum tana kan maganin rigakafinsa. Ni dai na ɗauka jarrabawa ce daga Allah, kuma ina ganin da kowa zai yi gwajin jinotayif kafin aure, da cikin 'yan shekaru an shafe wannan abu daga ƙasar nan baki ɗaya.

Malam Nasiru: Allah ya ba ta lafiya, Hajiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyarta. Ba mu musun ƙaddara, sababi kawai muke bibiya, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana mu roƙon ruwa ba. Kin yi gaskiya, kariyar ta mai S guda ɗaya ce. Wanda ya gaji biyu, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje idan oksijin ya ragu, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon kwana 120 da lafiyayyiyar ƙwaya ke yi, nasa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. Abin da ya sa ciwon bai bayyana ba sai da ta kai wata bakwai shi ne, jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, kuma sai wajen wata shida yake ja da baya.

Sai dai a kan batun shafewa, zan ɗan saɓa miki, tare da girmamawa. Mu ɗauki al'ummar da S ya zama ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadon himogulobin ɗinta, wanda bai yi nisa da halin da muke ciki a Najeriya ba. Bisa lissafin gado na masana Hardy da Weinberg na 1908, a cikin jarirai 1,000 za a samu kimanin 16 masu SS, da 219 masu AS, da 765 masu AA. Idan aka ƙirga S ɗin kansa, guda 32 ne ke jikin masu ciwon, tunda kowannensu biyu gare shi, 219 kuwa suna jikin masu AS da ke yawonsu lafiya lau. Idan mai AS ya auri mai AA ba za su haifi SS ba, wannan babbar nasara ce, amma kowane ɗa nasu yana da damar rabi da rabi ta zama AS. Gwaji yana hana S biyu haɗuwa a jikin yaro ɗaya, ba ya cire S daga cikin jama'a, saboda haka jikokinmu ma sai sun yi gwajin.

Bitrus: Lissafin Malam daidai ne, amma ina da fargaba a kan yadda zai shiga kunnen jama'a. Mun sha wahala kafin masallatai da coci-coci su fara neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma idan saurayi ya ji an ce gwaji ba ya kawar da sikila, abin da zai riƙe ke nan, ya watsar da sauran bayanin. Ƙasar da ake ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu wannan ciwo duk shekara ba ta da sararin irin wannan rashin fahimta.

Sadiya: Ni ban goyi bayan a ɓoye ba, Yaya Bitrus. Idan aka yi wa mutane alkawarin cewa abin zai ƙare nan da shekara ashirin, suka ga bai ƙare ba, gwajin ne za su daina yarda da shi. Malam, ina da tambaya. Amurka ta kawar da maleriya tun 1951, kuma na karanta cewa a cikin baƙaƙen fatar can kimanin mutum ɗaya cikin 13 ne ke ɗauke da S, mu kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Wannan ba ya nuna cewa idan aka cire rariyar, S na raguwa da kansa?

Malam Nasiru: Yana iya raguwa, amma a hankali ƙwarai, kuma misalin Amurka ba tsantsa ba ne, domin kakanninsu sun fito ne daga sassan Afirka daban-daban da yawan S ɗinsu ya bambanta, sannan jininsu ya gauraya da na Turawa tsawon ƙarnuka. Idan kina son ganin rariya tana aiki cikin rayuwar mutum ɗaya, ki dubi ita ƙwayar cutar. Mu da muka taso da kulorokwin mun san yadda yake sauke zazzaɓi cikin kwana uku, ga ɗaci ga ƙaiƙayi. Ƙwayoyin cutar da suka dace da sauyin da ke jure masa su ne suka rage suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya shi da magungunan da ke ɗauke da atemisinin a tsakiyar shekarun 2000. Ƙwayar cuta tana juya tsara cikin makonni, ɗan Adam kuwa sai ya shekara ashirin ko talatin.

Hajiya Rakiya: To na ji, Malam, kuma na fahimci bambancin. Tunda ana maganar lissafi, bari in ƙara wanda ni ya cuce ni, saboda Auwal. Da aka gano ciwon 'yata, an gaya mana cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa SS. Ni da maigidana muka ɗauka mun riga mun biya namu, uku masu zuwa za su zo lafiya. Na biyu ya zo AA, muka yi murna, na uku kuma ya zo SS kamar yayarsa. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ce kowane ciki lissafinsa sabo ne, na baya ba ya rage wa na gaba komai.

Auwal: Allah ya ƙara musu lafiya, Mama. Na janye maganar cewa jiki ne ya ƙirƙiro shi, duk da cewa har yanzu ina ganin shekara huɗun da na yi ba zazzaɓi ba banza ba ne. Yaya Bitrus, gwajin da aka yi mini tun ina aji uku na sakandare ne, a wani ɗan shago, kuma takardar ma ta ɓace. Ya kamata in sake?

Bitrus: Ka sake, kuma a wurin da ke da na'urar da ke rarrabe nau'o'in himogulobin, domin gwajin gaggawa da wasu ke yi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS ko SC. Idan an taɓa yi maka ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ka faɗa musu, saboda jinin wanda ya ba ka zai iya rikita sakamakon. Ka zo da ƙanen naka ma a duba shi tare.