Shawarar tsofaffin sojoji ga sabon kurtu

Da aka tattara maganganun waɗanda suka taɓa zama kurata, batun ƙafa ne ya fi yawa. Sabon takalmin soja yana cin dunduniya, ga doguwar tafiya da kaya a baya. Suka ce ka fara gudu tun watanni kafin ranar shiga, ka riƙa sauya safa, ka shanya ƙafa kowane dare. In bororo ya fito, nuna wa ma'aikacin jinya tun yana ƙarami. Masu ɓoyewa don kada a kira su raggwaye su ne ke ƙarewa da ɗingishi.

Tashi tun kafin asuba ne, sai motsa jiki, fareti, koyon kwance bindiga da haɗa ta. Barci kaɗan ne, don haka gyara kaki da takalmi tun dare.

An sha bamban kan tsawar kofur. Wasu sun ce cin fuska ne, mafi yawa kuwa sun ce ba da kai yake ba, aikinsa ke nan, ni ma nan na karkata. Laifin mutum ɗaya kan jawo wa kowa gwale-gwale, saboda haka in ka riga shiryawa, taimaki na kusa da kai.