Muhawara: wanda ya taɓa ba da gudummawa, ya yarda ke nan na'ura ta riƙa kiransa?

Alhaji: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, wanda ya taɓa ba wa wata ƙungiyar agaji kuɗi, ya kuma rubuta lambar wayarsa da hannunsa, babu laifi idan ƙungiyar ta kira shi da muryar da aka naɗa domin neman ƙari. A Amurka ma, gyaran da hukumar kare masu saye da kula da kasuwanci, FTC, ta yi wa ƙa'idar tallar waya a 2008 ya bai wa kamfanonin da ke tara kuɗi a madadin ƙungiyoyi damar yin irin wannan kira ga membobi da waɗanda suka taɓa bayarwa, muddin mutum yana iya danna wata lamba ya dakatar da kiran. Na'ura ta fi ma'aikaci arha, kuma abin da aka rage marayu da marasa lafiya ne za su amfana da shi.

Hajiya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban yarda da kai ba. Mahaifiyata ta ba wa wata ƙungiya sadaka sau ɗaya, ta rubuta lambarta saboda an ce za a turo mata rasit, amma bayan 'yan watanni sai kira ya riƙa shigowa daga ƙungiyoyin da ba ta taɓa jin sunansu ba, har wata muryar ta ambaci sunanta a gaban baƙi lokacin da ta buɗe sautin wayar. Matar da duk rayuwarta take ƙoƙarin kada hannunta na hagu ya san abin da na dama ya bayar, ranar ta ji kunya ƙwarai. Don rasit ta ba da lambar, ba ta ba kowa izinin yawo da ita ba.

Barista: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar, domin kafin na'ura ta buga waya sai an loda mata jerin sunaye, lambobi, da adadin abin da kowa ya taɓa bayarwa, kuma wannan jeri kadara ce da ake musaya da ita. A Disamban 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ta ci tarar ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA fam 25,000 da ƙungiyar yaƙi da cututtukan zuciya ta British Heart Foundation fam 18,000, saboda sun bincika dukiyar masu ba su gudummawa a asirce, sun kuma yi musayar bayanansu da wasu ƙungiyoyi. Waɗannan ƙungiyoyi ne na gaskiya masu mutunci. A can, tun dokar 2003, ba a halatta kiran neman kuɗi da muryar na'ura ba sai mutum ya amince tukuna.

Alhaji: To Barista, ai musayar bayanai daban, kiran daban. A hukunta mai sayar da suna, a bar ƙungiya ta kira nata mutanen.

Barista: Da wuya a raba su, Alhaji, saboda sau da yawa kiran ba ƙungiyar ce ke yi da kanta ba, ɗan kwangila take ɗauka ta miƙa masa jerin. A Maris 2021 FTC da jihohi 38 suka rufe kamfanin tara gudummawa ta waya mai suna Associated Community Services na jihar Michigan, wanda aka zarga da kira biliyan 1.3 ga mutum miliyan 67, ya tara fiye da dala miliyan 110, alhali a wasu lokutan kusan senti 90 cikin kowace dala ba ya isa ga aikin agajin. Saboda haka hujjar arha ma tana buƙatar a sake duba ta.

Hajiya: Kuma batun danna lamba a dakatar, tsohuwa mai shekara 78 ba ta bin umarnin murya mai sauri da harshen da ba nata ba. Me zai hana a tambaye ta tun ranar da ta bayar, a takarda, ko tana so a kira ta, ko kuma ta yarda a ba wa wani lambarta?

Alhaji: Batun kada a miƙa lambar ga wata ƙungiya ba tare da izini ba, na karɓa. Amma ina tsoron idan aka ce sai kowa ya sa hannu kafin a kira shi, ƙananan ƙungiyoyin da ba su da ma'aikata za su rasa magoya bayansu da yawa, kuma wannan har yanzu ba ku amsa mini shi ba.