Guguwar teku: jirgi mai ciki ɗaya ko mai ciki biyu?

Daga zauren WhatsApp na wata fada a unguwar Birni, Damagaram

Lawali: Salamu alaikum. Na ga bidiyon jirgin ruwan nan mai tafiya da iska, mai ciki biyu, katamaran, wato kamar kwale-kwale biyu haɗe gefe da gefe. Wallahi ko guguwa ta taso babu abin da zai kifar da shi. Ku dubi faɗinsa kawai.

Mushe Issufu: Ƙanena, a hankali. Kifar da shi da wuya, gaskiya ne. Amma ranar da ya kife, ya kife ke nan, faɗin nan da kake yabo shi zai hana shi juyowa. Mai ciki ɗaya akwai dalma ko ƙarfe rataye a ƙarƙashinsa, wani lokaci sulusin nauyin jirgin. Igiyar ruwa ta kwantar da shi, nauyin ya sake miƙar da shi.

Elhaji Mamman: Mu da ko tafkin Gidimuni ba mu tsallaka ba, yau teku muke rabo?

Lawali: Elhaji, ai kai kana zuwa Kotono 😂 Mushe, dalmar nan fa ita ce ajalinsa. Ya huje, ruwa ya shiga, sai ƙasan teku. Masu ciki biyu da yawa ko sun kife suna nan bisa ruwa. A 1989 wani mai ciki uku, Rose-Noëlle, ya kife kusa da Niyuzilan, mutum huɗu suka yi kwana 119 a cikinsa a kife, suka fito da ransu.

Mushe Issufu: Kwana 119 cikin sanyi da yunwa kake kira tsira?

Hadiza: Mushe, sun koma gida dai. Kuma miƙewar ba kullum ba ce. A 1997 dalmar jirgin wani ɗan tseren Ingila, Tony Bullimore, ta ɓalle a tekun kudu, jirgin ya kife ya ƙi tashi, sai sojojin ruwan Ostareliya suka ciro shi daga ciki.

Mushe Issufu: Wannan na yarda, Malama. To ki dubi tseren Fastnet na 1979, tsakanin Ingila da Ailan. Jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su, biyar kacal suka nutse. Ƴan tsere 15 suka rasu, wasunsu bayan sun bar jirgi sun shiga ƙaramin jirgin ceto na roba, daga baya aka tsinci jiragen nasu suna yawo bisa ruwa.

Hadiza: Ni abin da ya fi ba ni tsoro da katamaran shi ne ba ya gargaɗi. Mai ciki ɗaya iska ta yi yawa sai ya karkata, kowa ya ji a jikinsa, a rage ƙyallen da iska ke turawa. Wancan yana tsaye cak yana gudu har ciki ɗaya ya ɗaga sama. Dole matuƙi ya riƙa duban ma'aunin iska, ya rage tun da wuri.

Lawali: Wannan laifin matuƙi ne, Yaya Hadiza, ba na jirgi ba.

Hadiza: Matuƙin da ya kwana biyu bai runtsa ba? Shi ma da shi za ka auna jirgin.

Elhaji Mamman: Ku kawo farashin kowanne tukuna, sannan in faɗa muku wanda zan shiga.