Wace kalma za mu ba «restitution» da Hausa?

Mai fassarar labarai, Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kalmar nan ta Faransanci ta hana ni sakat a wurin aiki. Tun jawabin shugaban Faransa Macron kan kayan tarihin Afirka a Wagadugu cikin Nuwamban 2017 take yawo a labarai, har Faransa ta maida wa Benin kayan fadar Abome guda 26 a 2021, waɗanda sojojinta suka kwashe a 1892. Kullum «mayar da kayan tarihi» nake cewa, amma raina bai kwanta ba. Ko turmin maƙwabta ka ara, ai mayarwa kake. Kalmar ba ta nuna an yi laifi.

Wani mushe (malamin makaranta) daga Tibiri:
Ki ce «maida amana», ya fi daɗin ji.

Mai fassarar labarai:
Mushe, amana da hannunka kake bayarwa. Sarki Behanzin na Abome bai ba kowa ajiya ba, da bindiga aka shiga. Na gwada «fansa», sai na ga mai fansa shi ke biya, wato mu sayi abinmu. «Diyya» kuma sai abu ya salwanta, nan kuwa kayan na nan cikin gilashi.

Wani malami, unguwar Zariya:
Ƴata, malamai na da ita tun da daɗewa: raddul mazalim. Wanda ya ci haƙƙin wani, tubansa ba ya cika sai ya mayar. Ki ce «maida haƙƙi», ko tsohuwa a ƙauye za ta gane akwai mai shi, akwai kuma wanda ya danne.

Ɗalibar tarihi, jami'ar Maraɗi:
Allah ya gafarta malam, na yarda, sai dai mai shi ɗin ne matsalar. Ga Bura, wata tsohuwar maƙabarta can yankin Tera. A 1975 aka gano wurin, mai binciken tarihi Bube Gado ya yi haƙa a 1983. Tukwanen ƙasa ne aka kife a kan kaburbura. Bayan an baje wasu a Paris a 1993, dillalai suka yi caa, mutanen karkara da talauci ya matsa suka shiga tono suna sayarwa. Nan babu sojan Bature, mu muka tone. To in an maido tukunya, haƙƙin wa aka maida? Na gwamnati, da za ta kai ta gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai? Na ƙauyen? Ko na mamacin da aka yaye wa rufi? Shi kansa mai bincike, da takardar izininsa, kabari ya buɗe, kuma ba wanda zai yarda a yi wa kakansa haka a maƙabartar garinsu.

Malamin:
Shi ya sa kada a kira ƙashin ɗan Adam «kaya».

Ɗalibar:
Haka ne. Ƙoƙon kai 24 da Faransa ta maida wa Aljeriya a Yulin 2020 binne su aka yi, ba a jera su a kanta ba.

Mai fassarar labarai:
To na raba biyu. Karagar mulki, ƙofofi da tukwane: «maida haƙƙi». In ƙasusuwa ne: «maido mamata gida». Mushe, ka yi haƙuri da amanarka. Da su zan karanta labaran dare, in masu sauraro sun bugo waya da gyara, zan kawo muku.