Neman kalma: tsanin kifi, matakalar kifi, ko burtalin kifi?

1/ Masu Hausa, a taimaka. Ina fassara wani labari kan kifin salmon, sai na ci karo da abin da Bature ke kira "fish ladder". Na rubuta "tsanin kifi", na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa. Kunnena ya ƙi karɓa.

2/ Bari in fara faɗin abin da ake nufi. Salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwar ƙaramin rafi. In ya tasa sai ya gangara teku ya yi shekaru, ranar da zai yi ƙwai kuma sai ya juyo ya hauro gulbin, yana tunkarar ruwa, har ya isa rafin da aka haife shi. To in an gina madatsar ruwa a tsakani, hanya ta toshe ke nan. Shi ya sa ake gina masa wata hanya a gefen dam ɗin.

3/ Misalin da na fi so shi ne na Pitlochry a Sikotland, kan kogin Tummel, wanda aka gama a 1951. Tsawonsa mita 310, kududdufai 34 a jere, kowanne ya ɗara na baya tsayi da kusan rabin mita. Kuma kifin ba tsalle yake yi ba, ta wata kafa da ke ƙarƙashin ruwa yake kurɗawa daga wannan zuwa wancan. Har an yi masa manyan kududdufai uku na hutawa. Ku gaya mini, ina tsani a nan? Tsani abu ne da ake jinginawa a bango, a hau da hannu da ƙafa.

4/ Wani Malam ya ce a bar shi "tsani", tunda haka masu abin suka kira shi. Allah gafarta Malam, su ma masu abin ba su dace da sunan ba, ba dole mu gaji kuskurensu ba. Wata Hajiya ta kawo "matakalar kifi". Wannan ta zauna daram. Matakala gini ce, hawa-hawa ce, ba a ɗauke ta. Na karɓa, Hajiya, na gode.

5/ Amma da sauran rina a kaba. Akwai kalma ta biyu, "fish passage", wadda ta fi faɗi. Ta haɗa matakalar, ta haɗa gyaran kwalbatin da ya yi wa kifi tsayi ko ruwan cikinsa ya yi ƙarfi, ta haɗa har da rushe dam ɗin gaba ɗaya. Haka aka yi a kogin Klamath da ya ratsa jihohin Oregon da Kalifoniya a Amurka: dam huɗu aka kwashe tsakanin 2023 da 2024, bayan ƙabilun Yurok da Karuk sun shafe shekaru suna fafutuka, musamman tun 2002 da dubban salmon suka mutu a kogin. Cikin Oktoban 2024 aka ga kifin ya haura har Oregon, inda ya fi shekara 100 bai taka ba. Wannan ai ba matakala ba ce.

6/ "Hanyar kifi" ta yi, sai dai ba gishiri. Duk gulbi ma hanyar kifi ne. Ni abin da ya faɗo mini shi ne burtali. Wanda ya tashi a ƙauye ya san shi: hanyar da ake warewa tsakanin gonaki, a kange gefenta, don shanu su wuce mashaya ko makiyaya. Dabba na da inda za ta, aikin ɗan Adam ya tare ta, sai a keɓe mata mafita. Kuma kowa ya san abin da ke biyo baya idan aka nome burtali.

7/ Wani ya yi dariya, wai burtali na masu kofato ne. Gaskiya ne, amma jirgi ma da na ruwa ne kaɗai, yau ga shi a sama, ga shi a ƙasa.

8/ Don haka a fassarata na saka "matakalar kifi" ga ginin mai hawa-hawa, "burtalin kifi" ga babbar kalmar. Sarkawan Yauri da Argungu, in kuna da sunan da kuke kiran kafar da kifi ke bi ya haura, ku ajiye shi a nan kafin in miƙa aikin ranar Litinin.