Waɗanda Malam ya koya wa rubutu, ku zo mu tuna da shi

Tsohon ɗalibinsa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam rasuwa, wanda ya ɗauke mu darasin rubutu a aji ɗaya na jami'a. Duk wanda ya zauna a ajinsa, don Allah ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni dai ɗabi'arsa ɗaya ce ta zauna mini. Zai kife takardarka a kan tebur, ya ce ka faɗa masa da baki abin da kake nufi. Kana gamawa sai ya tambaye ka me ya hana ka rubuta shi haka.

Ƴar jarida, tsohuwar ɗalibarsa:
Allah ya jiƙan Malam. Yaya, ka tuna ba ya ba da maki a daftarin farko? Takarda za ta dawo maka gefenta cike da rubutun fensir, amma bai gyara maka ko jimla ɗaya ba. Layi kawai yake ja a ƙarƙashi, ya sa alamar tambaya, gyaran kuma naka ne. Ranar da ya sa ni karanta sakin layina a gaban aji, numfashina ya ƙare ban kai ƙarshen jimlar ba. Bai bar kowa ya yi dariya ba. Ya ce in sa aya daidai inda na tsaya, sauran kuma in mayar da shi sabuwar jimla. Har yau ba na miƙa wa edita labari sai na karanta shi a bayyane, kuma haka nake sa yaran da ke koyon aiki a hannuna.

Malamin sakandare:
Gaskiya fa yana da tsauri, kuma makinsa da tsada. Amma ban taɓa ganin ya zalunci kowa ba. Idan ka ɗauko maganar wani ba ka faɗi mai ita ba, sai ka kawo littafin ka nuna masa shafin.

Abokin aikinsa:
Ƴaƴana, akwai abin da ba ku gani ba. Darasin ƴan aji ɗaya ba kowa ke son ɗauka ba: ɗalibai da yawa, duba takardu ba ya ƙarewa, ƙarin girma kuma ya fi dogara ga maƙalun da malami ya wallafa. Da ya samu damar barin wa ƙananan malamai, bai bari ba. Na sha barin sa a ofis bayan an tashi, yana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa wannan hidima ta zame masa sadaka mai gudana.

Ƴar jaridar ta ƙara da cewa:
Amin, Baba. Takardun darasin da yake raba mana suna nan a wurina, sai dai babu na zango na biyu. Wanda ke da su ya yi magana, mu haɗa mu buga wa ɗalibai masu tasowa, in iyalansa sun amince.