Neman shawara: wace lamba zan buga wa yaro a riga, 23, 1 ko 4?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu bin tseren babur na Amurka, don Allah ku ba ni shawara. Babban ɗana ba shi da zance sai na Chase Sexton. Na yi masa alkawarin riga mai sunan mutumin da lambarsa idan jarrabawa ta yi kyau, ga shi ya cika nasa, saura ni. Na je shagon mai buga riguna, ya ce wace lamba za a sa. Muka buɗe waya, sai ga hoto da 23 a kan jan babur, wani da 1, wani kuma da 4 a kan babur ruwan lemo, duk mutum ɗaya. Ba na so in tambayi yaron don ba-zata nake shirin yi masa. Wacce ce tasa ta ainihi? Kuma in na buga, ba za ta sake canzawa baɗi ba? Kuɗin ba su da yawa, amma ba na son asara.

Ƙaramin Alhaji: Wa alaikumus salam. Baba ka buga 1 kawai, ai zakara ne. Wa zai ƙi lamba ɗaya?

Bakanike: Kai Ƙaramin Alhaji, za ka sa bawan Allah ya yi asarar da yake gudu. A cikin ukun nan babu wadda ta fi saurin tsufa kamar 1. Aro ce. Wanda ya ci kambu bana shi ke ɗaura ta baɗi, a gasar da ya ci kaɗai, kuma ranar da wani ya ƙwace kambun ta bar hannunsa.

Baban Yara, ga yadda hotunanka suke. 23 ita ce lambar da aka san shi da ita zamanin yana Honda. A 2023 ya ci kambun Supercross, tseren da ake yi cikin filayen wasa, na ajin 450, wato na manyan babura, bayan Eli Tomac da ke gaba da maki ya tsinke jijiyar dunduniya a Denver ana saura zagaye ɗaya a gama. Da aka shiga 2024 ya koma kamfanin KTM masu babur ruwan lemo, ya ɗaura 1 a Supercross saboda yana kare kambu. Amma da bazara ta zo aka fita tseren fili, wato Pro Motocross, ba shi ne zakara a can ba, sai ya fito da 4. Wannan 4 ɗin ita ya zaɓa ta zama tasa ta dindindin. 4 za ka buga.

Baban Yara: Na gode Oga Bakanike. To amma in ya bar 23 ya koma 4, me zai hana gobe ya bar 4 ya koma wata? Nan ne hankalina bai kwanta ba.

Mazaunin Indiana: Yaya, bari in shigo, don in ka gane tsarin za ka daina wannan fargabar. Ƙungiyar AMA mai kula da tseren babur a Amurka ce ke raba lambobin, kuma duk ƙarshen kaka take fitar da jerin 1 zuwa 99 na shekara mai zuwa. Tana haɗa makin da mutum ya tara a Supercross, wanda ake yi cikin filayen wasa daga Janairu zuwa Mayu, da na Pro Motocross da ake yi daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta. Tun 2023 an ƙara wasannin ƙarshe na SuperMotocross a Satumba.

A da kowace shekara sai an sake rabo. Ka zo na bakwai a jimlar maki, baɗi kai ne 7, shekarar gaba wataƙila 15. A shekarar 2000 aka kawo lambar dindindin, don 'yan kallo su riƙa gane gwanayensu, masu sayar da riguna da hula ma su samu abin da za su riƙe. Hanya biyu ce ake samunta. Ko dai ka shiga goman farko a jimlar maki, sai ka zaɓi lamba tsakanin 10 da 99 wadda ba ta hannun kowa. Ko kuma ka ci ɗaya daga manyan kambuna, irin 450 na Supercross, ko 450 ko 250 na fili, sai a buɗe maka ƙofar 2 zuwa 9 in akwai wadda ba kowa a kanta. Sexton ta hanya ta farko ya riƙe 23, ta biyu kuma ta kai shi 4. Hawa ya yi, kuma daga inda yake babu wani matakin sama sai 1 ɗin aro da Oga Bakanike ya faɗa. Shi ya sa ni ma na ce 4.

Riƙewa kuwa sharaɗinta maki 25 a shekara. Ga mutum irinsa wannan ba komai ba ne, tunda a tseren fili wanda ya zo na ɗaya a gudu guda maki 25 yake kwasa, na biyu 22, na uku 20. Wanda rauni ya zaunar da shi ana iya yi masa uzuri. Wanda ya yi ritaya ko ya daina kawo maki, lambar ta koma kasuwa.

Malamin Lissafi: Akwai abin da ke rikita mutane a nan. Wanda ya zo na goma sha ɗaya ba 11 yake samu ba. Sai an fara ware duk lambobin dindindin, sannan a bi sauran mutane bisa yawan maki, kowa a ba shi mafi ƙanƙantar lambar da ta rage. Don haka lamba ba ta faɗa maka matsayin mutum kai tsaye. Mai 94 zai iya fin mai 35 nesa ba kusa ba, domin 94 ɗin Ken Roczen ne, shi ya zaɓe ta, shekarar haihuwarsa ce 1994, mai 35 kuwa ƙila rabo ne ya faɗa masa kuma baɗi ba ita zai ɗauka ba.

Anti Mai Ɗinki: Ni dai ba tsere na sani ba, riga na sani. Baban Yara, in yaron na cikin girma ka ƙara masa lamba ɗaya a girman rigar. Sannan ka tsaya a buga gwaji a kan ƙyalle a gabanka. Irin yadin nan mai santsi in zafin injin ya yi yawa yana ƙonewa ya bar tabo mai sheƙi kewaye da lambar, in ya yi kaɗan kuma wanki biyu gefen ya fara ɗagowa. A wanke ta a juye, kada a ɗora dutsen guga a kan rubutun.

Ƙaramin Alhaji: Ni fa har yanzu ina kan bakana. Yaro zai fi jin daɗin 1.

Bakanike: Yaron da ya san Sexton ya fi ka sanin me 4 take nufi. Lambar Ricky Carmichael ce fa, mutumin da ya cinye duk gudu 24 na kakar fili har sau biyu, 2002 da 2004. Shi da kansa yana zakara yake fitowa da 4 ɗinsa ya bar 1 a ajiye, sai daga baya aka wajabta wa mai kare kambu ya sa 1. Bayansa Blake Baggett ya riƙe ta shekaru, sannan ta iso hannun Sexton. Haka waɗannan ƙananan lambobin ke yawo. 2 ta bi ta hannun Jeremy McGrath da Ryan Villopoto kafin Cooper Webb. 7 ta James Stewart ce kafin Aaron Plessinger. 5 ta Mike LaRocco ce, Ryan Dungey ya gaje ta. Takwas ne kacal, shi ya sa ake kallonsu da daraja.

Amma ba kowa ke so ba. Jett Lawrence ya ci duk gudu 22 na kakar 450 a 2023, yana da damar ɗaukar ƙaramar lamba, ya zauna a kan 18 ɗinsa. Chad Reed ya nace a kan 22 har ya sa wa ƙungiyar tserensa suna TwoTwo. Ni a ganina waɗannan sun fi wayo, don duk wanda ya sayi rigarsu bai taɓa yin asara ba.

Malamin Lissafi: Wannan maganar ta ƙarshe ita ce hujjar kada a buga 23. Tun da ya sake ta ta koma cikin rabon shekara-shekara. A 2025 Julien Beaumer ne ya ɗauke ta. Riga mai SEXTON 23 tarihi ce, ba laifi in tarihin ake so, amma ba ita yaron zai gani a tsere ba.

Baban Yara: Alhamdu lillahi, na gamsu. 4 za a buga. Anti, zan tsaya a kan gwajin. Saura launi: fari ko baƙi?

Mazaunin Indiana: In kana so ta yi kama da ta babur, ajin 450 baƙar lamba ce a kan farin allo, ajin 250 farar lamba a kan baƙi. Jan allo na wanda ke jagorancin maki ne a wannan lokacin, mako guda ma yana iya barin hannunsa. Na taɓa zuwa kallo a filin tseren Ironman da ke Crawfordsville nan jiharmu. Babura 40 ne ke jeruwa a bakin ƙofa, in an jiƙa ƙasar ko an yi ruwa, kafin a gama zagayen farko allon gaba ya zama laka zalla, fari da baƙi duk ɗaya. Sai ka koma neman lambar a bayan riga, ita ma ɗin rabi. Masu lissafi ba ruwansu, akwai 'yar na'ura a jikin kowane babur da ke ba da lokaci. Mu 'yan kallo ne ke wahala, shi ya sa lambar da ido ya saba da ita ke da amfani.

Masoyin MXGP: Ku 'yan Amurka kun cika wahalar da kanku. A gasar duniya ta MXGP mutum lambarsa yake zaɓa ya zauna da ita, ko uku ce ba wanda zai raina shi. Tony Cairoli da 222 ya tara kambun duniya tara. Jeffrey Herlings 84. Tim Gajser 243, ranar haihuwar yayansa da ya rasu yana ƙarami, 24 ga watan 3. Stefan Everts 72, shekarar haihuwarsa. Kowace da labarinta, ba sai an jira hukuma ta raba ba.

Bakanike: Labari ai a Amurka ma akwai. 259 ɗin da James Stewart ya fara da ita don girmama Tony Haynes ne, abokin gidansu da hatsarin babur ya nakasa. Travis Pastrana da 199 duniya ta san shi. Bambancin shi ne a can lamba mai uku, daga 100 zuwa 999, yawanci ta sabon shiga ce ko wanda bai tara maki ba, yana nemanta ne lokacin karɓar lasisi. Kuma naku in suka tsallaka sai sun bi layi. Roczen da 94 ya taso a Turai, ya zo Amurka aka ce 194, shekara ta gaba rabo ya ba shi 70, sai a 2013 ya karɓo 94 ɗinsa da guminsa. Tom Vialle da kambun duniya biyu ya zo, 28 ɗinsa ta zama 128. Ni wannan ya fi burge ni. In na ga mai lamba biyu na san ya yi wani abu bara.

Masoyin MXGP: Ko kuma ka ga zakaran duniya da lambar ɗan koyo. Wannan ba girmamawa ba ce.

Anti Mai Ɗinki: Tambaya ɗaya kafin ku ci gaba da musunku. Jerin nan har da 13? Na ji Turawa ba sa sonta.

Malamin Lissafi: Tana ciki, Anti, sai dai in rabo ya faɗa wa mutum a kanta ana barinsa ya tsallake zuwa ta gaba, shi ya sa wasu shekarun za ki duba jerin ki ga ba kowa a wurin. Camfi ne kawai. Ricky Johnson ya sa ta, Sébastien Tortelli ma ya sa.

Ƙaramin Alhaji: To ni kuma na ga Hunter Lawrence da lambar da ba 96 ba, rigarsa kore da ruwan ɗorawa. Shi ma ya canza ne?

Mazaunin Indiana: A'a ƙanina, wannan Motocross of Nations ne, gasar ƙasashe da ake yi sau ɗaya a shekara, kowace ƙasa mutum uku. A can lambar ta ƙasa ce, ba ta mutum ba. Ƙasar da ta ci bara ita ke ɗaukar 1, 2, 3, ta biyu 4, 5, 6, haka har ƙasa. Ostareliya ta fara cin kofin ne a 2024 a Matterley Basin na Ingila, da Jett da Hunter da Kyle Webster. Rigar da ka gani ta ƙasarsu ce, ana gama wannan ƙarshen makon ya koma 96 ɗinsa.